Bakano da butar Gwamnan Ingila

Bakano: Wanke hannunka tukuna Malam, butar shayin nan ta girmi kakanka. Azurfa ce zalla daga tsibirin Shamian can Gwanzu ta ƙasar Chaina, inda Turawan Ingila da na Faransa suka yanki fili suka yi zamansu tun wajen 1860. Gwamnansu da kansa ya sha shayi da ita.

Bazazzagi (ya gyara tabarau, wanda kowa a majalisar ya san ba na magani ba ne): To madalla. Ai maƙeran lokacin irin su Wang Hing suna buga sunansu a gindin kaya, sau da yawa har da lamba 90, wato azurfa kashi 90 cikin 100. Juya ta mu gani.

Bakano: Ba a juya ta. Tsohuwa ce, jiri take ji.

Bazazzagi: Alhaji ga maganaɗisu na kara ya manne, azurfa kuwa ba ta kama shi.

Bakano: Farin jini ne, ni ma haka mutane ke manne min.

Bazazzagi: Kuma wannan baƙin ya biyo yatsana, wallahi warin man goge takalmi yake.

Bakano: Yo gwamna ba ya sa takalmi ne? Yaron gidansa ɗaya ne, ya goge takalmi ya goge buta, kai fa bokon nan ya hana ka tunani.

Bazazzagi: Bari na faɗa maka, dokar Chaina ta hana fitar da kayan tarihin da suka riga 1911, da ta gaske ce da tun a filin jirgi za su riƙe ta su riƙe ka. Me kwastan ɗinsu suka ce?

Bakano: Ya ɗaga ta ya duba, ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Murna suke kayansu ya samu gidan mutunci. Namu na nan ne ma suka tsare ni, su ko butar ba su kalla ba, na goro kawai suke tambaya.

Bazazzagi: Nawa ka saye ta?

Bakano: Ɗaya ko kwali?

Bazazzagi: Kwali kuma?!

Bakano: Ai sari na yi, kwali uku. Mutumin yace in sun ƙare in yi masa magana ta manhajar WeChat, sati biyu zai haɗa min wasu.

Bazazzagi: Gwamna ɗaya, buta kwali uku?

Bakano: Kai ka taɓa ganin yadda Bature yake shan shayi? Kawo dubu arba'in in cire maka mai murfi.