Tarin Jari Kaɗai Ba Ya Ɗaukar Nauyin Tsufa

'Yan'uwana matasa da tsararrakina masu faɗi-tashin neman na kai, akwai wani tunani da na ga ya zauna daram a zukatan da yawa daga cikinmu, wato duk ranar da jarin mutum ya kai wani adadi mai kauri, to ya gama da matsalar tsufa, sai dai ya miƙe ƙafa ya huta. Ina roƙon mu sake duba wannan lissafi tun da sauran ƙarfi a jikinmu, domin kuskuren da ke cikinsa ba ya bayyana sai lokacin da gyara ya yi wuya.

Adadin da ke cikin asusu ba ya nuna komai sai an ajiye shi kusa da abin da mutum ke kashewa a shekara. A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar ƙasarsu tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya raba dukiyarsa tsakanin hannun jari da takardun lamuni, ya ciri kimanin kashi 4 cikin ɗari a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙarawa daidai da hauhawar farashi, kuɗinsa za su kai shi shekara 30. Ma'anar wannan ita ce mutum na buƙatar ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara. Mai miliyan 100 da ke kashe miliyan 8 ya fi mai miliyan 40 da ke kashe miliyan ɗaya da rabi kusa da talauci, ko da kuwa shi ake yi wa kallon attajiri. Ku kuma lura cewa lissafin Bengen na ƙasa ɗaya ne, kuma na shekara 30 ne kawai. Wanda ya ajiye aiki yana da shekara 55, Allah ya ja kwanansa zuwa 90, ya zarce iyakar lissafin da shekara biyar cur.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda shekarun riba da na asara suke jeruwa, domin nan ne mafi yawan mutane ba sa kai idonsu. A ɗauka mutum ya yi ritaya da miliyan 100, ya ciri miliyan 5 na shekarar farko, sai kasuwa ta faɗi da kashi 30. Abin da ya rage masa miliyan 66 da rabi ne. Da a ce yana bakin aiki, zai iya kau da kai ya jira farfaɗowa, amma yanzu dole ya sayar da jari a ƙasƙantaccen farashi domin ya ciyar da gidansa, kuma miliyan 5 ɗin da zai sake cira ta zama kashi 7 da rabi na dukiyarsa. Hannun jarin da ya sayar a wannan hali ba zai amfana da tashin kasuwa ba idan ta tashi. Wannan ba tatsuniya ba ce: tsakanin Oktoban 2007 da Maris na 2009 ma'aunin S&P 500, wanda ke nuna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya zubar da fiye da rabin darajarsa, shi kuwa ma'aunin Nikkei na Japan, bayan ya kai ƙololuwa a Disambar 1989, bai sake taka wannan matsayi ba sai a Fabrairun 2024. Wanda ya ajiye aiki a 1990 yana dogaro da wannan kasuwa kaɗai ya yi jiran shekara 34, idan ma yana raye.

Ita kuwa hauhawar farashi gara ce, ba a jin motsinta. Idan kaya na tashi da kashi 3 a shekara, cikin kimanin shekara 24 kuɗinka rabin abin da suke saya yau za su saya, idan kuma kashi 6 ne, shekara 12 ta isa. Ga haraji, ga ladan masu kula da jari, wanda in ya kai kashi 1 a shekara ya yi daidai da rubu'in kashi 4 ɗin da Bengen ya ce a cira.

Na san wani dattijo da ya tara abin da kowa zai ce ya wadatar, amma kullum da sassafe, kafin ya yi magana da kowa a gidan, sai ya ɗauki waya ya duba farashin hannun jari, ranar da ya ga ja, wato alamar faɗuwa, kuwa yini yake yi fuska a murtuke. Ya ɗage aikin idon da likita ya ba shi shawara har sau biyu saboda tsoron taɓa uwar kuɗi. Na tausaya masa ƙwarai, domin ya shafe shekaru yana koyon tarawa, bai taɓa koyon yadda ake ci daga abin da aka tara da kwanciyar hankali ba. Abokansa duk na wurin aiki ne, da aikin ya ƙare zumuncin ya bi shi, sai wayar ta zama abokiyar hirarsa.

Saboda haka nake ba ku shawara ku fara daga ɓangaren kashewa. Ku rubuta abin da ke fita daga hannunku na tsawon shekara guda, har da abin da kuke yi wa iyaye da 'ya'ya da dangi, domin waɗannan ba sa tsayawa don kun yi ritaya. Ku shiga tsufa ba tare da bashi a wuyanku ba, ku ware kuɗin hidimar shekara ɗaya ko biyu a inda faɗuwar kasuwa ba za ta taɓa su ba, ku kuma raba ƙafa tsakanin kadarori da ƙasashe. Ku nemi wata hanyar shigar kuɗi da ba ta rawa da kasuwa, fansho ne ko haya ko wata sana'a da jiki zai iya ɗauka bayan shekara 60, ku tanadi abin jinya daban, domin kuɗin asibiti sun fi yawa a daidai lokacin da ƙarfin nema ya ƙare. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka ku zauna da iyalinku tun yanzu ku fayyace hidimomin da za a rage a shekarar da kasuwa ta faɗi, da waɗanda ba za a taɓa su ba ko ana ha-maza-ha-mata, kamar magani da muhalli.