Tambarin naka ne, sabar kuma ta wani

Masu ƙananan kamfanonin kula da kwamfuta da intanet, ku matso mu yi magana kan sayar da hidimar girgije (wato ajiye bayanai da gudanar da manhajoji a kan manyan kwamfutocin wani kamfani, da ake kira saba, ta intanet) da sunanku. Tsarin dai sananne ne: wani babban kamfani ke da sabobi da injiniyoyin da ke kwana a kan aiki, kai kuma ka liƙa tambarinka a shafin shiga da takardar biyan kuɗi, ka ɗora ribarka. Ni ban ga aibun haka ba. Tun da Amazon ta fito da S3 da EC2, hidimominta na hayar wurin ajiyar bayanai da hayar saba, a 2006 aka daina raina mutum don ba shi da ɗakin saba nasa na kansa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yi wa kwastoma alƙawarin da kai ma ba a yi maka ba. Mai ba ka hidimar ya rubuta cewa za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Zauna ka lissafa: kusan minti 43 ke nan a wata, sama da awa 8 a shekara, da komai zai iya tsayawa cak ba tare da ya saɓa yarjejeniya ba. Ko ya wuce hakan, yawanci ragi za a yi maka a kuɗin wata mai zuwa, babu mai biyan cinikin da kwastomanka ya rasa. Amma a tallarka ka rubuta "ba ma taɓa tsayawa". To ranar da aka tsaya, wayarka ce za ta yi ta ruri ƙarfe biyun dare, kuma iyakarka ka shigar da ƙorafi ka zuba wa allo ido kana jiran amsa.

Wanda ke ganin hasashe nake yi, ya tuna Yulin 2021. 'Yan kutsen REvil sun bi ta manhajar VSA ta kamfanin Kaseya, wadda ake kula da kwamfutocin kwastomomi da ita daga nesa, suka taɓa kamfanonin kula da tsarin kwamfuta kusan 60, amma kasuwancin da ke ƙarƙashinsu har wajen 1,500 suka ji a jikinsu. Coop, mai manyan kantunan kayan abinci a Suwidin, sai da ta rufe shaguna kusan 800 saboda na'urorin karɓar kuɗi sun daina aiki. A Maris na shekarar kuma gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin girgije OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, wasu suka gano kwafin ajiyarsu yana wuri guda da ainihin bayanan. Kai da kake sayar da ajiya, ka taɓa gwada dawo da fayil ko ɗaya da hannunka?

Ga kuma batun bashi, wanda masu tallar haɗin gwiwa ke bi ta kansa da sauri. A sabon tsarin sayar da lasisi da Microsoft ta kawo wa dillalanta a 2022, in ka saya wa kwastoma lasisin shekara kuma 'yan kwanakin sokewa suka wuce, kai za ka biya har ƙarshe, ko da shi ya tsere a wata na uku.

Ɓoye sunan mai sabar ma yana da iyaka. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a 2018, ba ta yarda ka miƙa bayanan mutane ga wani kamfani ba tare da izinin kwastoman da ya ba ka amana ba. Ko babu doka ma, in ya tambaye ka inda bayanansa suke, gaya masa kawai.

A ganina, duk wanda ba zai riƙe amsa kiran farko da kansa ba, da ma'aikaci ko ɗaya da ya fahimci tsarin, gara ya tsaya a matsayin mai kai kwastoma ya karɓi la'adarsa. Wanda kuma ya ƙuduri aniyar shiga, kafin ya sa hannu ya nemi a rubuce: asusun kwastoma da sunan wa yake, nawa ne kuɗin fitar da bayanai in za a rabu, kuma shin babban kamfanin yana da damar tuntuɓar kwastoman ƙaramin kamfanin kai tsaye bayan yarjejeniya ta ƙare.