Sun sayar mana da rumbu, sannan suka ce mu ɓalle kwaɗonsa

Ranar Litinin da sassafe, saura kwana biyu ɗalibanmu su zauna jarrabawar gwaji, na zauna a gaban baƙin allo na rubuta apt update, umarnin duba sabbin manhajoji, wanda yatsuna suka saba da shi har ba na duban madannai idan zan rubuta shi. Layuka suka yi ta gudu lafiya lau daga rumbunan manhajojin Debian, tsarin Linux da kwamfutocinmu ke aiki da shi, sai da aka iso kan rumbun kamfanin da muke sayen manhajar jarrabawa a wurinsa, nan abin ya cije, ya jefo mini kalmar EXPKEYSIG. Wanda ke wannan aiki ya san ma'anarta: mabuɗin da kamfanin ke buga hatimi da shi a kan kayansa ya ƙare wa'adi, saboda haka apt, wadda ke sauke manhajoji ta shigar da su, ba za ta ƙara karɓar komai daga hannunsu ba. A cikin rumbun kuwa akwai sabon gyara da su da kansu suka rubuto mana cewa dole mu saka shi kafin ranar Laraba, in ba haka ba sakamakon ɗalibai ba zai shiga ba.

Ni ne ke kula da ɗakin kwamfuta na wata cibiyar koyar da sana'o'i, inda muke da kwamfutoci 32, dukkansu a kan Debian. Kowace shekara cibiyar na biyan wannan kamfani kuɗi mai tsoka, kuma a cikin abin da yarjejeniyar ta ce muna biya har da kula da rumbun manhajojin da za mu riƙa ɗauko sabuntawa daga ciki. Ba zan kama sunansu ba. Abin da suke yi ne nake so a gani.

Ya kamata mai karatu ya san abin da hatimin nan yake tsarewa, domin a nan ne zafin maganar yake. Rumbun manhajoji irin na Debian yana da wani fayil mai suna InRelease, wanda mai rumbun ke sa wa hannu da mabuɗinsa na sirri. A cikin wannan fayil akwai lissafin SHA256, wata lamba da ke canzawa da zarar an taɓa abin da ke cikin fayil, na kundin da ake kira Packages, a cikin kundin kuma akwai irin wannan lissafi na kowane ƙunshin manhaja ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa zama a gaban malamin hadisi zai gane tsarin nan take, domin isnadi ne: wannan ya tabbatar da wancan, wancan ya tabbatar da na gabansa, kuma idan mutumin farko a silsilar ya zama abin tuhuma, duk abin da ya biyo ta hannunsa ya raunana. Dalilin wannan tsanani shi ne, ƙunshin manhaja ba ya shiga kwamfuta a matsayin baƙo. Da cikakken ikon mai gida yake shiga, kuma ƙananan rubutun umarni da ke tafe da shi, irin su preinst da postinst, suna iya taɓa kowane lungu na na'urar ba tare da neman izini ba. Duk wanda ya iya cusa maka ƙunshi na bogi ya mallake kwamfutarka, da sunayen ɗalibai, da makinsu, da komai.

Na kira lambar da suka ba mu ta neman taimako. Sai a kira na huɗu aka ɗauka. Na yi wa saurayin da ya amsa bayani dalla-dalla, har na karanto masa lambar mabuɗin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Oga, ai wannan ba matsala ba ce. Ka buɗe fayil ɗin adireshin rumbun, ka ƙara trusted=yes, shi ke nan zai wuce. Kowa haka yake yi." Na ce masa, "Malam, ka san abin da ka ce in yi kuwa?" Ya ce shi dai haka aka gaya musu su riƙa faɗa.

Wannan amsa ce ta fi ƙona mini rai fiye da mutuwar mabuɗin kanta. Abin da trusted=yes ke yi shi ne ta umarci apt da ta daina duba hatimi a kan wannan rumbu, ta haɗiye duk abin da aka miƙo mata. Ga shi adireshin rumbun nasu da http yake farawa, babu ma rufin da https ke bayarwa, wanda ke nufin hatimin nan shi kaɗai ne katangar da ke tsakaninmu da duk wani ɓata-gari da ya iya tsayawa a kan hanya. Kwaɗon shago ya ƙi buɗuwa saboda sakacin wanda ya sayar da shi, sai ya ce wa mai shago ya ɓalle ƙofar ya tafi gida ya kwanta. Kuma idan gaskiya ne kowa haka yake yi, to akwai makarantu da cibiyoyi da yawa da yanzu haka ƙofofinsu ke wangame bisa shawarar mutanen da aka biya don su tsare su.

Mabuɗin hatimi ba ya mutuwar fuju'a. Tun ranar da aka ƙirƙire shi ake rubuta masa ranar ƙarewa, kuma duk lokacin da mai shi ya tambayi gpg, manhajar da ake sarrafa mabuɗan da ita, za ta nuna masa wannan rana ɓaro-ɓaro. Ƙara masa wa'adi umarni ɗaya ne, aikin da bai kai shan shayi ba. Hanyar isar da sabon mabuɗi ga abokan hulɗa ma sananniya ce: Debian na zuba nata mabuɗan a cikin wani ƙunshi mai suna debian-archive-keyring, ta yadda sabo zai isa kwamfutar mutum ta hanyar sabuntawa ta yau da kullum tun tsohon yana da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma waɗannan mutane ko ranar tafiyar ba su sani ba sai da na kira na gaya musu. Takardar bayaninsu har yau tana cewa a yi amfani da apt-key add, alhali tun Debian 11 da ta fito a 2021 wannan umarni ya fara buga gargaɗin cewa an daina yayinsa, domin mabuɗin da aka saka ta wannan hanya yakan zama abin yarda a kan kowane rumbu. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye mabuɗin a wuri na daban, a ɗaure shi da rumbunsa shi kaɗai ta hanyar signed-by. Ni na gyara wannan da hannuna tun bara, na aika musu da bayanin yadda ake yi, ko amsa ban samu ba.

Da a ce wannan ne karo na farko da na yi haƙuri. Watanni kaɗan da suka wuce, abin da ya hana ni barci shi ne Hash Sum mismatch. Sun gano kuskure a manhajarsu, suka gyara, suka ɗora sabon ƙunshin a kan tsohon da suna ɗaya da lambar fitarwa ɗaya, kuma ba su sake gina kundin Packages ba. Sai apt ta sauke ƙunshin gaba ɗaya, ta auna shi, ta ga bai dace da abin da kundi ya ce ba, ta yi watsi da shi. Ƙunshin ya haura megabait 400. Sau uku na sauke shi a dare ɗaya ina zargin layin intanet ɗinmu, domin a nan wurinmu layi ne abin zargi na farko, kafin na auna fayil ɗin da sha256sum na gane cewa lafiyarsa ƙalau ya iso, kundin ne ke ƙarya. Wanda ke zaune a ofis mai intanet marar iyaka ba zai ji ciwon wannan ba. Mu data muke saye da awo kamar gero, kuma kowane gigabait sai na rubuta shi a takarda na kai wa akanta ya dube ni ta saman tabarau.

Saboda tsadar datar nan ne na kafa namu ƙaramin rumbu a cikin gida. Wata tsohuwar kwamfuta ce a kusurwar ɗaki, na saka mata reprepro, manhajar kafa rumbu, na rubuta fayil ɗin conf/distributions, na yi mata nata mabuɗin. Tsarin shi ne in sauke ƙunshi sau ɗaya cikin dare lokacin da layi ya fi sauƙi, in shigar da shi da reprepro includedeb, da safe kuma kwamfutoci 32 su ɗauka ta wayar cikin gida ba tare da an taɓa data ba. Kayan aikin ba shi da laifi, har ma shi ne ya tona asirin kamfanin a karo na biyu, domin reprepro ba ta yarda a shigar da fayil mai suna da lamba iri ɗaya da wanda ke ciki idan abin da ke cikinsu ya bambanta. Tana da nata takurawar, tun da wadda nake amfani da ita fitarwa ɗaya tak take riƙewa ta kowane ƙunshi, sabo ya shigo tsoho ya fita, shi ya sa nake ɓoye tsofaffin a wani faifai na daban don ranar da sabo zai ƙi aiki. An ce mini wata manhajar kafa rumbu mai suna aptly ta fi sauƙi ta wannan fuska saboda tana ɗaukar hoton rumbu a koma masa daga baya, kuma ina da niyyar gwada ta idan na samu sararin numfashi.

To, duk wannan dabara kamfanin ya rusa ta da layi ɗaya. Na lura cewa ko da kwamfutocin sun ɗauki ƙunshin daga rumbunmu na gida, data na ci gaba da zurarewa kamar an huda tulu. Na kwance ƙunshin da dpkg-deb na karanta postinst ɗinsu, sai ga umarnin wget a ciki yana janyo wani babban fayil daga sabarsu a daidai lokacin shigarwa, ba hatimi, ba awo, ba komai. Ke nan kowace kwamfuta ita kaɗai take fita intanet ta ɗauko nata, sau 32. Idan kuma layi ya yanke a tsakiya, rubutun ya faɗi, dpkg, manhajar da ke shigar da shi, ta bar ƙunshin rabi a ciki rabi a waje, kuma duk wani umarnin apt da zai biyo baya sai ya sake tuntuɓe da shi.

Haɗa wannan da wutar lantarki. Ana tsakiyar shigarwa a ɗauke wuta, kafin mai gadi ya tada janareto rabin kwamfutocin sun mutu, domin batiran ajiyar wutarsu sun daɗe da gajiya. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta dpkg --configure -a don ƙarasa shigarwar da ta tsaya, gumi na ɗiga a kan madannai. Wasu tsofaffin kuma ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, su farka suna zaton shekarun baya ake ciki, apt ta ce fayil ɗin rumbu bai fara aiki ba tukuna. Wannan wahalarmu ce ta gida, ban ɗora wa kamfanin ita ba. Abin da na ɗora musu shi ne sun san a inda suke sayar da kayansu, sun san yadda wuta da layi suke, amma suka gina ƙunshin da ba ya jure yankewar minti ɗaya.

Akwai kuma maganar libssl1.1, wadda ƙunshinsu ya dogara da ita, wani sashe ne na tsohuwar OpenSSL, manhajar da ke rufe sirrin sadarwa. Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023 da OpenSSL 3, babu libssl1.1 a cikinta, kuma masu OpenSSL sun daina tallafa wa jerin 1.1.1 kyauta a watan Satumba na wannan shekarar. Da na nemi su sake gina manhajar a kan sabon, sai suka turo mini adireshin wani wuri da ban san mai shi ba, wai in ɗauko tsohon fayil ɗin daga can in cusa da hannu. Manhajar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane ce ake wa wannan riƙon sakainar kashi.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne idan na dubi sauran layukan da ke kan allon nan. Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, kuma fitarwa ta 12 ta zo da ƙunshi sama da dubu 60. Ban taɓa biyan su sisi ba, amma rumbunsu da hatimi, kundinsu da ƙa'ida, kuma idan za su sauya wani abu sai sun yi shela tun da wuri. Kamfanin da muke biya kuwa ƙunshi uku kacal ne a rumbunsa. Uku. Kuma idan abu ya lalace, shugaban cibiya ba ya kiran kamfani, ni yake kira, ya ce, "Malam, me ya sake faruwa da kwamfutocin naka?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban saka trusted=yes ba. Na rubuta musu wasiƙa na ce su sabunta mabuɗin, su aiko mini da zanen yatsansa, wato haruffa da lambobi 40 da ake tantance mabuɗi da su, a kan takardar kamfani mai sa hannun wani da za a iya tuhuma. Ranar Talata da la'asar sabon mabuɗi ya bayyana a rumbun ba tare da wata sanarwa ba, zanen yatsan kuma ya iso ta WhatsApp, hoton allon wani ne da aka ɗauka a karkace, haske ya cinye haruffa biyu na ƙarshe. Sai da na sake kira aka karanto mini su da baki. Na gwada, suka dace, na sauke ƙunshin, na cire layin wget ɗin, na saka fayil ɗin da yake janyowa a ciki, na sake ɗaure shi da tawa lambar fitarwa, na buga masa hatimin rumbunmu. Na gama da kwamfuta ta 32 bayan ƙarfe ɗaya na dare, da hasken waya a haƙora saboda man janareto ya ƙare kuma inbata ba ta iya ɗaukar fitilu da na'urori a lokaci guda.

Da safiyar Laraba, ɗalibai na kan layi a bakin ƙofa, na buɗe akwatin saƙo na tarar da wasiƙa daga kamfanin. Na ɗauka ban-haƙuri ne. Takardar neman kuɗin shekara mai zuwa ce, da ƙari a kan na bana, kuma sun ja layi a ƙarƙashin ranar da wa'adin biya zai ƙare. Na buga ta, na haɗa da hoton allon nan na karkace da kwafin postinst ɗinsu, na ajiye a kan teburin shugaban cibiya, na rubuta a sama cewa ba zan sa hannu a kan sabunta yarjejeniyar ba sai an zauna da su.