Matasan injiniyoyi, ku daina ɗokin ranar zuba kwalta

Ƴan uwana da kuka fara shiga aikin titi na rancen Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka, dan Allah ku ji wannan. Kowa so yake a zuba kwalta a ɗau hoto, amma wallahi yawancin hanyoyi tun kafin ranar ake kashe su.

Na taɓa riƙe wani aiki, muka miƙa wa ɗan kwangila fili alhali ba a gama biyan masu gonaki diyya ba. Shi banki ba ya yarda a taɓa gonar mutum sai an biya shi, ita kuma diyyar yawanci gwamnati ce ke fitarwa, toh kuɗi suka maƙale, gireda da katafila suna tsaye wata da watanni har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ɗan kwangilar kuwa wasiƙa kawai yake aiko mana, don a ƙa'idar FIDIC, wato tsarin yarjejeniyar kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, kwana 28 gare shi ya sanar cewa zai nemi ƙarin kuɗi ko lokaci. Mu muna ta surutu a waya, shi yana tara takarda. Ranar lissafi bakinmu ya mutu, komai kuka yi ku rubuta.

Sai ruwa. Kada wani ya lallaɓa ku ku rage kwalbati wai don a ƙara tsawon kilomita. Da idona na ga wadda muka ƙanƙanta yashi ya toshe ta a daminar farko, ruwa ya haura ya zaftare gefen titin, kunya kamar in nutse.

Lodi ma haka, gwajin titi na AASHO, ƙungiyar jami'an hanyoyi, da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan tayoyi ɓarnar kusan sau 16 take ninkuwa, kun ga sikelin auna tirela ba ado ba ne.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gyara. Tun 1988 Bankin Duniya ya ce ƙasashe 85 sun yi asarar hanyoyi na kusan dala biliyan 45, wanda gyaran biliyan 12 ya isa ya tsare. Ɗan kwangila yawanci shekara ɗaya yake lamunce aikinsa ya kama gabansa, bashin kuwa yana nan. Tun ana zane ku tambaya wa zai riƙa yashe magudana da cike ramuka, kuma daga wane asusu.