Wai an koya wa yaranmu shiru

A wata firamare a Birmingham, malama ta tambayi 'yan shekara tara dalilin da ya sa inuwa ke gajarta da tsakar rana. Ba wanda ya ɗaga hannu, don an hana. Tebura huɗu-huɗu suna fuskantar juna, kowane yaro da ɗan farin allo kamar faranti da alƙalamin da ake gogewa. Aka yi tsit na rabin minti, sannan kowa ya juya ga na kusa da shi, ƙus-ƙus na minti biyu. Sai ta zaro tsinke daga gwangwani, kowane tsinke da sunan yaro. Wanda ya fito, aka ce ya faɗi abin da abokinsa ya ce. Gwanintar ke nan: yaro ba ya jin kunyar kuskuren wani.

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Frank Lyman, shi ne ya tsara wannan salo na yin tunani, tattaunawa da na kusa, sannan a faɗa wa aji, a 1981. Kafin shi, wata mai binciken ilimi 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano malamai ba sa jira fiye da kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, alhali in an kai uku, amsa kan yi tsawo, masu noƙewa ma su buɗe baki.

Abin da ya yi ciwo, bayan darasi malamar ta ce yaran da suka zo daga wajenmu an koya musu shiru.

To, da ɗan ƙamshin gaskiya. "Kun gane?" "Eh, Malam!" kowa ya san shi, kuma tambayar da amsarta "eh" ce ba ta haifar da zance. Amma ita yara talatin gare ta. A cunkushen aji a Sakkwato, benci uku-uku, ga zafin Afrilu, gwangwanin tsinke wasa ne. Abin da zai yiwu: benci na gaba ya juyo ga na baya, su shida, a naɗa mai magana ɗaya, gobe a canza shi. In ba a canzawa, mai baki ne zai cinye kullum.

Kuma a bar minti biyun nan da Hausa, a kawo amsa da Turanci daga baya. Yaran Birmingham da harshen da suke faɗa da shi a filin wasa suke tunani. Namu, wanda aka ce kurma ne a aji, jeka gindin dogon yaro bayan la'asar ka ji shi yana musun ƙwallo, hujja kan hujja, sai an kira magariba ake raba su.