Bean da żona: zumuncin da kunne ba ya ganewa

Tun da Poland ta shiga Tarayyar Turai a 2004 mutanenta suka yi ta kwararowa Ireland neman aiki, har ƙidayar 2016 ta nuna sun haura dubu ɗari. A nan Dublin inda nake zaune, kana jin harshensu a bas da kantuna, shi kuwa harshen Irish kana ganinsa a allunan titi. Kunne ba zai taɓa ce maka harsunan biyu dangi ba ne, alhali kakansu ɗaya.

Mace a harshen Irish ita ce bean, ana furta ta kusan kamar "ban". A harshen Poland matar aure ita ce żona. Ba su yi kama ba, amma daga tushe ɗaya suka fito, wata tsohuwar kalma mai farawa da sautin gw. Ita ce ta haifi queen ta Turanci da gyne ta Girkanci. Abin da ya gamsar da ni shi ne sauyin bai tsaya kan kalma guda ba. Gw ta zama b a bakin kakannin Irish, ta zama ż a bakin kakannin mutanen Poland idan wasali irin e ko i ya biyo ta. Shi ya sa "mai rai" ya zama beo a harshen Irish, żywy a harshen Poland.

Nahawunsu ma kowa ya kama gabansa. Mutanen Poland wutsiyar kalma suke juyawa: żona, żony, żonie, żonę, żoną, in za a kira ta kuma żono. Irish har kan kalmar yake taɓawa. "Macen" ita ce an bhean, b ta koma sautin v, jam'inta kuma mná, wadda ake rubutawa a ƙofar bandakin mata. Ma'ana ma ta rabu, domin żona ta tsuke ta tsaya kan matar aure, mace kuwa kobieta suke cewa.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa Hausa daga Larabci ta fito don kawai muna da littafi da alƙalami da lokaci. Waɗannan aro ne, addini da karatu da fatauci suka kawo su. Hausa 'yar gidan harsunan Chadi ce, tare da Bole da Ngas da Ngizim. Zumuncinmu na jini da Larabci ya fi wannan nisa ƙwarai, kuma a kalmomin da ba ma kula da su yake, irin su mutu da māta ("ya mutu" a Larabci), suna da ism ("suna" a Larabci). Ɗan makaranta a Kano ko Damagaram ya cancanci a koya masa bambancin aro da gado, a kuma nuna masa cewa makusantan danginsa na harshe suna Yobe da Filato.