Kura da Shan Bugu: Nasiha ga Matasanmu Masu Ƙirƙira

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, da masu zane a kwamfuta, da ku da kuka haɗu ku uku ko huɗu a ɗakin wani aboki kuna shirin fito da gem ko manhajar waya, Allah Ya dafa muku. Akwai dai maganar da kuke jin nauyin yi wa juna, ita ce kuma ta fi kamata a fara da ita: sunan wa za a sa, wa ke da me. Kuna cewa ai mu duk ɗaya ne, a bari sai abin ya kankama. Waɗanda suka buɗe kasuwar wasan bidiyo a Amurka da Japan sun riga ku yin wannan sakacin, shekara hamsin ke nan ana jayayya a kan wa ya yi me, wasu kuma sun mutu da abin a ransu.

Ku ɗauki kamfanin Atari. In aka ambace shi, sunan Nolan Bushnell ne ke zuwa baki, har wasu na kiransa uban wasan bidiyo. Alhali mutum biyu suka kafa kamfanin a 1972, shi da Ted Dabney. Wasan Pong, na buga ƙwallo irin na tebur, da ya fito da su, wani injiniya Allan Alcorn ne ya haɗa shi da hannunsa. Dabney ya bar kamfanin a 1973, daga nan sunansa ya yi ɓatan dabo shekara da shekaru. Hatta labarin da aka yi ta yayatawa cewa Bushnell ya kwashe kayan ɗakin 'yarsa ya mai da shi wurin aiki, Dabney ya ce ɗakin tasa 'yar ne. Sai gab da ƙarshen rayuwarsa masu bincike suka nemo shi suka ji ta bakinsa, ya rasu a 2018.

Shi kansa Pong akwai magana a kansa, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Wani injiniya Ralph Baer, wanda iyalinsa suka gudo daga Jamus a 1938, ya zauna a watan Satumba na 1966 ya rubuta shafi huɗu a kan yadda za a yi wasa a akwatin talabijin. Shi da abokan aikinsa suka yi ta gwaji har aka samu na'urar da kamfanin Magnavox ya fitar da sunan Odyssey, a cikinta akwai wasan buga ƙwallo irin na tebur. A watan Mayu na 1972 aka baje kolinta a Kalifoniya, Bushnell ya je ya gani, ya kuma sa hannu a littafin baƙi. Bayan 'yan watanni sai ga Pong. Da Magnavox ya kai ƙara, wannan littafin baƙin da tarin takardun Baer masu kwanan wata su suka yi magana, Atari ya sasanta a 1976 ya biya kuɗin lasisi. Baer ba shi da baki irin na Bushnell, bai iya tallata kansa a gaban 'yan jarida kamarsa ba. Abin da yake da shi kawai ɗabi'ar rubuta abin da ya yi a ranar da ya yi shi. Kai da ke aika wa abokinka dabararka ta saƙon murya, ka canja waya komai ya tafi, me za ka nuna?

Kada ku ce wannan tsakanin kamfani da kamfani ne. Tsakanin aminai ma ta faru. Atari ya ba Steve Jobs aikin haɗa wasan Breakout da ya fito a 1976, da alkawarin ƙarin kuɗi in ya rage yawan ƙwayoyin lantarkin da ke kan allon cikin na'urar, waɗanda masu gyaran waya ke kira aisi. Jobs ya nemi amininsa Steve Wozniak, wanda ke aiki a Hewlett-Packard da rana, ya zo ya yi kwana huɗu yana raba dare a kan aikin. Wozniak ya ce an gaya masa dala 700 aka biya, aka ba shi rabi, dala 350. Sai bayan kimanin shekara goma ya ji cewa akwai ƙarin da ya kai dubbai wanda ba a gaya masa ba. Jobs ya musanta, Wozniak kuma bai taɓa sauya magana ba. Mu ba mu wurin. Abin lura shi ne su biyun nan suka kafa Apple, suka yi kuɗin da ba ya ƙirguwa, amma maganar wannan rabon ba ta mutu ba.

A ƙarshen shekarun 1970 Atari ba ya sa sunan masu rubuta wasanni ko a kwali ko a allo. Mutum ɗaya ne zai zauna watanni ya yi zane, ya yi sauti, ya rubuta umarnin, albashi kawai za a ba shi, kaset ɗin da ke ɗauke da wasan, wanda ake cusawa a na'ura, kuma ya fita da tambarin kamfani. Warren Robinett, wanda ya yi wasan Adventure, sai ya yi shiru ya haƙa nasa ramin. A cikin wasan ya ɓoye wani ɗigo guda, launinsa ɗaya da bango, a cikin lungunan baƙar fada, inda ba ka kaiwa sai ka ɗauko gada. In ka samo ɗigon ka kai shi wani zaure tare da wasu kayan, bangon zai ba ka hanya, ka shiga ɗaki babu komai sai rubutu na walƙiya yana cewa Warren Robinett ne ya ƙirƙiri wannan. Bai gaya wa kowa ba. An buga kaset ya bazu, shi ma ya bar kamfanin, sannan wani yaro ya gano ɗakin ya rubuto wasiƙa. Cire shi na da tsada, sai aka bar shi. Yau ana ba da labarin ana dariya, ni kuwa tausayi yake ba ni: mutum ya shiga aikinsa ta taga kamar ɓarawo don ya rubuta sunansa.

Wasu huɗu ba su ɓoye komai ba. David Crane da Larry Kaplan da Alan Miller da Bob Whitehead suka je wurin shugaban kamfanin, Ray Kassar, suka nemi suna da kaso. Kamar yadda suka ba da labari, ya nuna musu ba su fi mai cusa kaset a kwali ba. Suka fice a 1979 suka kafa Activision, inda ake buga sunan mai wasa da hotonsa a takardar da ke cikin kwali. Kai da ka fara ɗaukar yara aiki, ka tuna da wannan ranar da za ka ce wa mai zanenka ai ko ba shi za a yi.

Mu kuma muna da abin da ya fi tsoron kotu. Alƙur'ani ya yi kashedi, a Suratu Ali Imrana, ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Suna haƙƙi ne, kamar kuɗi. Kuma ba sai ka buɗe baki ka yi ƙarya ba. Ya isa a ce maka kai ka yi, ka yi murmushi ka kau da kai. A nan Keiji Inafune na kamfanin Capcom ya burge ni. An daɗe ana kiransa uban Mega Man, wasan da ya fito a 1987, sai shi da bakinsa ya fito ya ce Akira Kitamura ne ya tsara siffar tun kafin ya shigo aikin. A Japan ɗin lokacin kamfanoni da dama laƙabi suke sa wa ma'aikata a ƙarshen wasa, don kada wani kamfani ya fauce su, shi ya sa gano gaskiya ya yi wuya.

Sai ku masu tura abu a Facebook da WhatsApp ba bincike. Kun sha ganin hoton Jerry Lawson, baƙar fatan Amurka, an rubuta shi ya ƙirƙiro kaset ɗin gem. Ina son mutumin nan, kuma an daɗe ana mantawa da shi. Shi ya jagoranci injiniyoyin da suka fito da Fairchild Channel F a 1976, na'ura ta farko mai irin wannan kaset da ta shiga kasuwa, a lokacin da baƙar fata a wannan fagen ana ƙirga su da yatsu. Amma samfurin farko wasu mutum biyu ne, Wallace Kirschner da Lawrence Haskel, suka yi shi a wani ƙaramin kamfani mai suna Alpex. Abin da Lawson ya yi ya ishe shi girma. In don kalar fatarsa muka share waɗancan biyun, me ya raba mu da waɗanda suka share shi?

Saboda haka ku zauna tun babu ko sisi. Ku rubuta wa ya kawo dabara, wa ya rubuta umarni, wa ya yi zane, wa ya sayi data da man janareta, kowa ya sa hannu. Wanda ya ji haushi don an ce a rubuta, gara ka san halinsa yanzu.

Kuma sa hannu ba shi ne ƙarshe ba, ka karanta, ka karɓi naka kwafin. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a 1984, babu gardama, shi ma bai fara cin kuɗinsa ba sai 1996, don hukumar Tarayyar Sobiyet ce ta riƙe haƙƙin. Amma wanda ya mai da wasan ya yi aiki a kwamfutar IBM, inda daga nan ya bazu, ɗan makaranta ne mai shekara 16, Vadim Gerasimov. Shi ya ba da labarin cewa wata rana Pajitnov ya zo masa gida da takarda a gaggauce ya ce ya sa hannu, ya sa, ba a bar masa kwafi ba, daga baya sunansa ya daina fitowa a sababbin bugun wasan.